Hafizu, Kafin Ka Hau Jirgin Harbin

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Hafizu ɗana, ina gaishe ka, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka a tsaye da ƙafafunka, ba ciwo ba damuwa. Allah Ya tsare min kai a ɗaki da kan hanya, Ya raba ka da sharrin abin da kake gani da wanda ba ka gani.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda, alhali daga ɗakina na unguwar Dengfeng a nan Guangzhou zuwa gidan da kuka kama kai da abokanka a wajen Baiyun tafiyar jirgin ƙasa ce kawai, ga waya kuma a hannun kowa. Dalili shi ne bakina ba ya yi min adalci in ina gabanka. Ranar Lahadi a gidan abincin matar nan 'yar Yamai, da ka ce ka sayi tikitin Harbin, can arewacin China, za ku je kallon bikin ƙanƙara kai da Sadik da Bashir, ka ga abin da na yi. Na buga tebur har miya ta zube, na ce ba inda za ka, a gaban mutane, kana ɗan shekara ashirin da uku mai cin gumin kansa a ofishin kago na aika kaya. Ka tashi ka wanke hannu ka ce min sai anjima, tun daga nan ba ka ɗaga wayata ba. Ban kyauta ba. Tsoro ne ya kama ni, ni kuma tun tasowata in na tsorata faɗa nake yi. To yau ba faɗa zan yi ba. Zan gaya maka abubuwan da ya kamata ka sani tuntuni, in ka gama karantawa sai ka yi shawara da kanka.

Yatsu ukun nan da babu a ƙafata ta hagu, tun kana ƙarami aka ce maka kwalin jakunkuna ne ya faɗo min a wani sito a Shiling, inda nake saro kayan fata. Haka Ummanku ta sani, haka abokan kasuwata na Kano suka sani. Ƙarya ce, ni na shirya ta a kan gadon asibiti. Harbin ɗin nan da kake ɗoki na je ta, kana aji biyu na firamare, kuma sanyinta ne ya ci yatsun.

Da Isufu muka je, mutumin Maraɗin nan da kake gaisarwa a layin masu waya. Wani mai shago ne ya nuna mana hotuna, ni kuwa na ce wallahi sai na je na gani da idona, don in na koma gida in sami abin ba da labari a majalisa. Na sa rigar sanyi biyu irin waɗanda ake sayarwa a nan, da takalmin fata mai kyau na zuwa ofis. A ganina na shirya, tunda ni mai cinikin fata ne. Ban tambayi kowa ba. Da muka sauka aka buɗe ƙofar filin jirgi, numfashin farko da na ja sai na ji kamar an watsa min barkono a hanci. Gashin hancina ya daskare nan take, kafin mu sami mota gemuna ya yi fari. Wayata da ke cike da caji ta mutu a aljihu. Isufu ya dube ni ya ce ko mu kwana ɗaya mu juya, na ce masa in shi zai juya ga hanya nan.

Ba zan ce maka wurin ba kyau ba, don na yi alkawarin ba ƙarya a takardar nan. Gidaje ne da hasumiyoyi na ƙanƙara zalla, tsayinsu ya fi benen da nake ciki, an saka fitilu a cikinsu kore da ja da shuɗi. Na tsaya baki buɗe ina tasbihi. Har yau nakan gan su in na rufe ido, kuma na fahimci abin da ke jan ka.

Rana ba ta daɗewa a can lokacin sanyi, kana cikin kallo sai ka ga magariba ta taho. Alwalata ta karye tun a mota, la'asar kuma na neman kuɓucewa. Isufu ya fi ni karatu, ya kuma fi ni hankali. Shi tun a otal ya yi tasa alwalar ya ɗora huffi, safar fatar nan da ake shafa a kai. Ya nuna min wani gini na dutse a gefe ya ce, "Alhaji, sanyin nan uzuri ne, yi taimama." Na yi masa dariya, na ce ku da kuka tashi a hannun Faransa komai sai kun nemi sauƙi. Akwai ruwan zafi a fulas ɗin da muka ɗauko don shayi. Na tsugunna a bayan wata rumfa, na cire takalmi na cire safa, na yi alwala cikakkiya a kan ƙanƙara. Kada ka ɗauka tsoron Allah ne ya sa ni. Wasu 'yan China ne suka tsaya suna kallo suna ɗaukar hoto, ni kuma ina so su ga Bakano. Ƙafar dama na samu na goge ta da hankici. Kafin in zo ta hagu hannuwana sun daina jin maganata, sai na cusa ta cikin safa haka nan da lema.

Da farko ƙafar ta yi ta zugi har ina cije leɓe. Can sai ta yi shiru, ni kuma na yi murna, na ce wa Isufu ka gani, jiki ya saba. Na ƙara awa uku ina yawo a kanta. Da muka koma otal na cire safa, yatsun sun yi fari sun yi tauri kamar kyandir. Maimakon in nemi likita sai na kara ƙafar a jikin ƙarfen ɗumama ɗaki, ban ji tana ƙonewa ba saboda ba na jin komai. Isufu ya roƙe ni mu je asibiti har ya yi fushi, na ƙi. Washegari na sake ɗaure takalmi na fita, don kar a ce na zo Harbin na kwanta. Sai da muka dawo Guangzhou da mako guda, yatsun suka yi baƙi suka fara wari har ni kaina ban iya zama da kaina, sannan na yarda aka kai ni. Likitan ya yi magana mai tsawo, tafinta ya taƙaita min ya ce da ranar farko na zo da wataƙila an ceto su.

To ka riƙe wannan. Sanyin can ba irin na nan ba ne da kake sa riga ɗaya ka sha shayi ya wuce. Duk gaɓar da ta yi zugi sannan ta yi shiru, ba sabo ta yi ba, mutuwa ta fara, a lokacin nan ake barin komai a shiga ɗaki a nemi likita. Kada ka kara ta a wuta. Kuma sauƙin da Allah Ya yi wa bayinSa a addini, ba ragwanci ba ne karɓarsa. Ni na ƙi karɓa don idon mutane, ga shi shekara da shekaru ina cusa auduga a bakin takalmi, in na daɗe a tsaye a Shiling sai na nemi kujera kamar tsoho.

Wannan kuwa ni ne, ƙato mai lafiya a lokacin, wanda bai taɓa kwana a asibiti ba. Kai sikila gare ka. Ga shi na rubuta kalmar da hannuna, wadda na hana a furta a gidana tun kafin ka yi wayo. Kai ka fi ni sanin abin da sanyi ke yi maka. Bara, ruwan saman da ya dake ka tsakanin tashar jirgi da ofis, sanyin Guangzhou ɗin nan da 'yan arewacin China ke yi wa dariya, shi ya kwantar da kai kwana biyar kana murƙususu kana kiran sunan Ummanka. Ina zaune a gefenka ina danna maka baya, ba abin da na iya yi maka. Shi ya sa da ka ce Harbin na buga tebur.

Yanzu zan zo kan abin da ya fi yatsu nauyi. Ka yi haƙuri da ni, hannuna ma ba ya son rubuta shi.

Yayarka Rabi'atu, kana shekara huɗu ta rasu, na san ba ka tuna ta sosai sai a hoto. An ce maka zazzaɓi ne. Ita ma sikila gare ta, ita ce ta farko da likita ya gaya mana. Ranar da muka fito daga asibitin na tsayar da Ummanku a bakin mota, na ce maganar nan ta tsaya tsakanina da ita, ko uwarta kada ta gaya wa. Ina gudun a ce gidan Alhaji Garba akwai ciwo a jini, ina gudun a hana 'ya'yana aure in sun girma, ina gudun 'yan uwana su ce daga dangin wa ya fito. Ummanku ta yi kuka ta ce ko masu riƙon yarinyar a gaya musu, na ce na gama magana.

Da damina, Rabi'atu na shekara bakwai, Goggonku Hajara ta Jos ta roƙa a ba ta ita ta yi hutu a wajenta. Yayata ce, ita ta goya ni, ba a hana ta. Ummanku ta kira ni ina nan, ta ce Jos da sanyi, ko dai a gaya wa Yaya halin da ake ciki. Na ce a sa mata rigunan sanyi a jaka ya isa. Goggonku mace ce mai tsafta da tashin wuri, 'ya'yanta duka da ruwan randa take musu wanka da sassafe, ta ce yana ƙara ƙarfi. Haka ta yi wa Rabi'atu, yadda take yi wa nata, da zuciya ɗaya. Kwana uku a jere. A na ukun yarinya ta fara kukan ƙirji da ƙafa, Goggonku ta ɗauka zazzaɓi ne ta ba ta magani ta lulluɓe ta. Da abin ya tsananta suka kai ta asibiti, aka tambaya ko tana da wani ciwo, Goggonku ta ce babu, don iyakar saninta ke nan. Ina Shiling ina zaɓar launin jaka, ja ko ruwan ƙasa, wayata ta yi ƙara. Ban sami jana'izar ba.

Da ni mai hankali ne da daga ranar na buɗe baki. Sai ma na ƙara rufewa, don in na faɗa kowa zai gane ni na kashe ta da shiruna. Na bar Goggonku tana ganin ƙaddara ce kawai ta faɗo a hannunta, shekara goma sha tara tana kuka duk ranar da aka ambaci sunan yarinyar. Kai kuma na ɗora ka a kan hanyar. Ni na koya maka in ka kwanta ka ce maleriya ce. Ni na koya maka ka shanye maganinka a banɗaki in kana cikin mutane. Bara da ka kwanta, Sadik ya tare ni a bakin ƙofa yana min jaje, ya ce maleriyar Hafizu ta sake tashi, ni kuma na gyaɗa kai na ce Allah Ya sawwaƙe. A lokacin har daɗi na ji, wai ɗana ya iya riƙe sirrin gida.

To yanzu ka duba inda sirrin ya kai mu. Mutum biyu za ka bi zuwa wuri mafi sanyi a ƙasar nan, yaran kirki ne, suna son ka, amma ba wanda ya san abin da ke jikinka. In ka ce ka gaji za su ce haba ɗan gari, saura kaɗan, mu ƙarasa mu ɗauki hoto. Kai kuma na san ka, jinina ne, za ka cije ka bi su don kar a ce ka gaza. In ka faɗi, su ce maleriya. In an kai ka asibiti, likitan can mai yiwuwa bai taɓa ganin mai irin ciwonka ba tunda yake aiki, don ba ciwon mutanensu ba ne. Da wane baki za ka yi masa bayani? Sinancin da ni da kai muka iya na kasuwa ne, nihaw sannu, lawban mai shago, meyo babu, sai rage min. Ba a gaya wa likita jini ya toshe a ƙirji da wannan. Abin da ke hana ni cin abinci tun ranar Lahadi ke nan.

In ra'ayina kake so, ga shi a fili: kada ka je. Ƙanƙarar nan kowace shekara ana gina ta, ta narke, a sake ginawa, hotunanta kuma sun cika waya. Kai ɗaya ka rage min namiji ko mace. Ba na son in sake ɗaga waya a Shiling in ji abin da na ji. Amma na san ka gaji da a ce maka kada ka yi. Tun kana yaro ake hana ka ƙwallo, ake hana ka wanka a ruwan sama, ba a kuma taɓa barin ka ka faɗi dalili ba. Na san tafiyar nan ba don ƙanƙara kaɗai kake son ta ba, so kake sau ɗaya ka yi abin da sauran samari ke yi. Ba zan ɓoye fasfonka ba, ba zan haɗa ka da Ummanka ta yi maka kuka a waya ba, ba zan ce ban yafe ba in ka tafi. Na yi mulki da tsawa shekara da shekaru, na ga abin da ya haifar.

In ka ce sai ka je, to ka fara zuwa wajen likitan da ya duba ka bara ka gaya masa inda za ka, in ya ce a'a ka ji maganarsa ko da ba ka ji tawa ba. Isufu zai kawo maka takardar nan tare da ƙunshi. Akwai riga irin ta mutanen can, ba irin tawa ta wauta ba, da takalmi mai gashi a ciki, na sayo shi da girma don ya ɗauki safa biyu. Akwai huffi da na sa aka ɗinka maka a Shiling. Ka yi alwalarka a ɗaki, ka bushe ƙafa sarai, ka ɗora shi, ruwa kada ya taɓa fatarka a waje ko sau ɗaya. Ka riƙa shan ruwan ɗumi ko ba ka jin ƙishi, sanyi yana ɓoye ƙishirwa, kai kuma ka san abin da rashin ruwa ke yi maka. Kada ka wuce ɗan lokaci kaɗan a waje ba ka shiga wuri mai ɗumi ba, ko abokanka sun yi tsaki. Maganinka a aljihun ciki, ba a jakar kaya ba. Ka tambayi Isufu duk abin da na rubuta game da ƙafata, ya riƙe min sirrin nan tsawon shekaru, na ce masa ya sake shi.

A aljihun rigar na hagu za ka ga kati da rubutun Sinanci. Sunan ciwonka ne, da magungunan da kake sha, da abin da ya kamata a yi maka in ka faɗi, da lambata. Mai shagon da nake sayen jaka a wajenta, matar nan mai tabarau da ta san ni tun kafin furfura, ita ta rubuta, 'yarta da ke karatun aikin jinya ta gyara. Kafin ta rubuta dole na gaya mata. Na zauna a ofishinta ina juya kofin shayi, na fi minti goma ina kame-kame, sannan na ce ɗana yana da ciwo a jini. Ita ce mutum ta farko a wajen gidana da na taɓa gaya wa. Ba ta yi min wani kallo ba, ta ajiye abin da take yi ta ɗauko biro. Na fito ina mamakin abin da na yi shekara ashirin da wani abu ina gudu.

Amma kati ba ya magana in yana cikin aljihun wanda ya suma. Saboda haka abu ɗaya nake roƙonka, roƙo ba umarni ba. Ko za ka je ko ba za ka je ba, ka zaunar da Sadik da Bashir ka gaya musu. Dokar da na kafa maka na janye ta, kuskure ce tun farko. In bakinka ya yi nauyi, nauyin da ni na ɗora masa, ka kawo su ɗakina ranar Juma'a bayan masallaci. Ni zan fara cire safa in nuna musu ƙafata in gaya musu gaskiyarta, sannan in gaya musu taka.

Yau da safe, kafin in zauna rubutun nan, na kira Goggonku Hajara. Na ga ba zan iya ce maka ka buɗe baki ba alhali nawa a rufe. Na gaya mata komai, tun daga bakin motar asibiti har wankan randa. Na shirya ta zage ni, wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Sai ta ce, "Garba, da ka gaya min ai da na dafa mata ruwa." Sannan ta ajiye wayar.

Tukunya ɗaya ta ruwan zafi, Hafizu. Tana da itace, tana da murhu, tana son yarinyar kamar ranta, ni na hana ta sani. Kada ka yi wa abokanka abin da na yi wa yayata.

Allah Ya ba ka lafiya mai ɗorewa, Ya sa ka ga jikokinka. In ka zauna Allah Ya sanyaya maka zuciya, in ka tafi Allah Ya kai ka Ya dawo min da kai da ƙafafunka, da yatsunka goma cif. Allah Ya jiƙan Rabi'atu, Ya yafe min abin da na yi mata. Kai ma ka yafe min. Ina ɗaki ranar Juma'a, ba inda zan je, ƙofa a buɗe take.

Wassalam.

Mahaifinka,
Garba